Farashin Ranar Rabon Gado

Babanmu ma'aikacin gwamnati ne irin na da, mai goge rigarsa da kansa ranar Lahadi, mai tafiya ofis da abincin rana a kwano. A sashen safiyo ya yi aiki har ya yi ritaya. Ya auna wa mutanen Kaduna filaye ba adadi, amma shi abin da ya mallaka gida ɗaya ne tak a Unguwar Kanawa, mai ɗaki huɗu da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Mun tashi muna yi masa kallon mai maƙo. Ni da bakina ba ya iya shiru har gaya masa nake yi, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai ci tuwonki."

Abin da muka sani shi ne duk ƙarshen wata, da an yi albashi, akwai ɗan abin da yake cirewa ya kai wani ofis da ke saman bene a cikin gari. Hannun jari yake saye. A lokacin maganar ba ta shiga kaina ba, abin da ya dame ni shi ne takalmin makarantata ya ɓule, Baba kuma yana kai kuɗi ana ba shi takarda. Yana da ƙa'idarsa da ba ya saɓawa. Ba ya sayen na banki saboda kuɗin ruwa, ba ya kusantar na kamfanin giya. Abin da ke shigowa gidansa kawai yake saye: siminti, fulawa, sukari, sabulu, man girki. Idan Mama ta aike ni kanti sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ki sayo na kamfaninmu fa." Kamfaninmu, mu da ko ƙofar kamfanin ba mu taɓa gani ba! Ni da ƙanwata mu yi ta ƙunshe dariya har mu fita zaure.

Akwai shekarar da kasuwar ta faɗi warwas. Abokan aikinsa da suka zuba kuɗin sallamarsu suka yi ta sallallami, wasu suka sayar da asara, wani ma har da kwanciya asibiti. Baba bai sayar ba. Ba zan ce hangen nesa ba ne, don na san halinsa, taurin kai ne. Cewa ya yi shi bai saya don ya sayar ba. Daga nan muka daina jin zancen, muka ɗauka kuɗin sun bi ruwa, takardun kuma suka ci gaba da kwanciya a ƙasan akwatinsa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, mu huɗu ya bari: Mama, da Yaya wanda shi ne babba kuma shi kaɗai ne namiji, da ni, da Auta. Bayan an share makoki Yaya ya gayyato malamin da ke raba gado a unguwarmu, wani dattijo mai sanyin murya da ya san Baba tun suna samari. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida ya yi mana bayani dalla-dalla. Mama tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Abin da ya rage, namiji kaso biyu, mace ɗaya. Ko da ban iya lissafin malamai ba, na gane cewa kusan rabin duk abin da Baba ya bari na Yaya ne.

Aka bi al'ada. Aka kira dillalan gidaje suka zagaya, suka ƙwanƙwasa bango, suka leƙa rufi, suka yi wa gidan kuɗi. Aka yi wa tsohuwar motar Baba kuɗi, aka yi wa riguna da littattafai. Da aka haɗa, kowa ya ga abin da ba wanda yake so ya furta: gidan ne dukiyar, sauran tarkace ne. Gida kuwa ba ya tsaguwa biyu. Idan za a fitar wa Yaya da haƙƙinsa, sai an sayar.

Yaya ba mugu ba ne, amma a kwanakin nan ba na iya kallonsa ban ji zuciyata ta tafasa ba. Yana da ɗan shagon buga takardu a Abakpa, yana buga katin biki da kalanda da rasit. Injinsa ya tsufa, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, masu kawo aiki suna guduwa, shi kuma ga iyali a gidan haya. Yana bukatar rabonsa, kuma haƙƙinsa ne da Allah ya ba shi. Duk na san wannan. Amma Mama a gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, maƙwabtan nan su ne 'yan'uwanta. Ni malamar makaranta ce, ina zaune da mijina a ɗaki biyu a Unguwar Sarki. Auta ba ta daɗe da aure ba. Idan aka sayar da gidan, Mama za ta koma zaman ɗakin wani da tsufanta. Ta dai riƙa share tsakar gidan sau biyu a rana, alhali ba ta yi datti ba.

Malam ne ya tambaya ko akwai wani abu da ba a kawo ba, don ba a raba gado a bar ko allura. Sai Auta ta tuna da takardun akwati. Yaya ya ɗaga kafaɗa ya ce a dai duba don cika ƙa'ida. Ni da Auta muka zuba su a leda, muka hau Keke Napep, muka nemi ofishin nan na saman bene.

Dillalin hannun jarin wani mutum ne mai furfura da tabarau a ƙarshen hanci. Ya san Baba, ya yi mana ta'aziyya, ya karɓi ledar ya yi ta buga lambobi a kwamfuta. Ni ina zaune ina kallon agogo, ina tunanin darasin da na bari. Can sai ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya juyo mana da fuskar kwamfutar.

"Hajiya, kun san abin da mahaifinku ya bari kuwa?"

Na ce, "Takardu."

Ya yi dariya. Ya ce a tsawon shekarun nan kamfanonin sun yi ta ba masu hannun jari ƙari kyauta, wanda yake da goma a ƙara masa ɗaya ko biyu, ƙarin ma ya sake samun ƙari. Sannan farashin da ya faɗi a wancan karon ya daɗe da tashi, ya wuce inda yake, ya ninka. Ya nuna mini jimillar a ƙasa da bakin biro. Na duba, na ƙirga sifilai, na ce masa kwamfutarsa ta samu matsala. Ya sake bugawa, abu ɗaya ya fito. Kuɗin ya kusa kuɗin gidanmu.

Ban san lokacin da na dafe ƙirji ba. Auta ta fara kuka, ni kuwa kukan ma ya ƙi zuwa. Abin da nake gani a idona shi ne Baba a bakin ƙofa da safe, da kwanon abincinsa a leda, yana jiran abokin aikinsa ya rage masa hanya don kada ya ƙona mai. Ashe duk shekarun nan da muke yi masa tsiya, akwai wani gida na biyu da yake ginawa, ba bulo ba yashi, a wani wuri da ba ma gani. Kuma ko shi bai san girman da ya yi ba. Yana barci abin yana girma, yana jinya yana girma, muna zaman makokinsa yana girma. Na ji tsoron Allah ya kama ni a cikin ofishin nan mai ƙarar fanka, na yi ta maimaita subhanallahi har dillalin ya miƙo mini ruwa.

A hanyar komawa na riga na gama raba gadon a kaina. Yaya ya ɗauki hannun jari da mota, mu mata uku mu haɗa namu mu riƙe gida, Mama ta yi zamanta. Da na faɗa a gaban malam, Yaya bai yi musu ba. Ya ce shi ma ya fi son haka, in dai abin zai kai rabonsa. Malam ya ce shari'a ba ta hana ba, matuƙar magada sun yarda kuma lissafi ya daidaita. Ya ce in faɗi kuɗin ya rubuta.

A nan ne na tuna da kashedin da dillali ya yi mana muna fita. Na ce, "Allah gafarta Malam, ya ce wannan kuɗin na yau ne. Gobe zai iya fi, zai iya kasawa. Wai ko tsakanin hantsi da Azahar ma canzawa yake yi."

Malam ya ajiye biro. Ya ce ya raba shanu, ya raba gonaki, ya raba buhunan hatsi, kuma ya san hatsi na da farashin kaka da na bazara. Amma dukiyar da ba ta wuni yadda ta kwana, bai taɓa raba irinta ba.

"To wa ke canza ta?" ya tambaya.

Na ce, "Masu saye da sayarwa, a Legas."

"Sun san marigayin?"

"Ba su san shi ba."

Ya shafa gemu, sannan ya ce ikon Allah. Ya yi kwanaki yana bincike, ya tuntuɓi wasu malamai, ya dawo da matsaya. Za a sa ranar zama. Farashin da kasuwa ta tashi a kansa a ranar, shi za a rubuta, kamar yadda aka rubuta kuɗin da dillalai suka yi wa gida. Idan ya kai rabon Yaya, shi ke nan. Idan ya gaza da yawa, mu cika masa, in ba mu da shi a sayar da gida. Ba mu da shi, kowa ya sani. Ranar zama kuwa ba za ta yiwu ba sai takardar kotu ta fito, wadda ke ba magada izinin taɓa dukiyar mamaci, ita kuma ba ta san sauri ba.

Dillalin ya sa mini wata manhaja a waya da ke nuna farashi. Kore idan ya hau, ja idan ya sauka. Na zauna na fitar da iyaka: idan jimilla tana sama da kaza, Mama na gidanta, idan ta yi ƙasa, babu gida. Tun daga ranar na zama wata iri. Ina tsakiyar koyar da yara sai in ji hannuna na ƙaiƙayi, da an buga ƙararrawa in ruga ofishin malamai in buɗe waya. Abokan aikina har suna suka sa mini, wai Hajiya mai kamfani. Wata rana na daka wa wata ɗaliba tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, don kawai siminti ya yi ja.

Amma ban da fargaba, akwai wani mamaki da bai sake ni ba har yau. Sai in zauna ina kallon lambobin nan suna motsi da kansu, ba wanda ya taɓa su a gabana. Kowane motsi wani mutum ne a wani wuri ya yanke shawara. Wani yana son kuɗin aurar da 'yarsa ya sayar, wani Bature a ƙasarsu ya ji labarin da bai yi masa daɗi ba ya janye, wani ya ji ƙishin-ƙishin riba ya saya. Ba su san Unguwar Kanawa ba, ba su san akwai wata tsohuwa mai share tsakar gida ba, amma da yatsunsu suke matso da ita bakin ƙofa, su kuma mayar da ita ciki. A da ina jin labarin dala da farashin mai a rediyo kamar labarin wata ƙasa. Yanzu da an faɗa da safe, kafin Azahar na gan shi a wayata ya zama ja ko kore. Ashe duk a ɗaure muke da juna, ni ce ban sani ba.

Mama ta fahimci abin ta hanyarta. Da na yi ta fama da bayani ta katse ni ta ce, "Wato kiwo babanku ya bayar, suka hayayyafa." Na ce haka ne. Daga nan kullum na shigo da yamma, kafin in ajiye jaka za ta ce, "Ya dabbobin yau?" In na ce sun ƙoshi ta ce alhamdu lillahi, in na ce sun rame ta ce Allah ya kawo ciyawa. Ta sa kamfanin siminti a addu'arta bayan kowace salla. Wani maƙwabcinmu da ke ɗora bene, har aika masa ta yi a tambaya wane siminti yake saye, da aka ce na wani kamfani ne daban ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwarsa a daƙile.

Takardar kotu ta fito, aka sa ranar zama, wata Laraba bayan La'asar. Na ɗauki uzuri a makaranta na tafi gida tun da safe. Da kasuwa ta buɗe komai ja ne, jimilla tana ƙasa da iyakata. Auta ta ce in ajiye wayar, na ce ta rabu da ni. Mama tana tsince shinkafa kamar ba abin da ke faruwa, sai dai na lura tsakuwa take mayarwa cikin tire, shinkafar take zubarwa. Wajen Azahar fulawa ta fara motsi. Sukari ya bi ta. Siminti, wanda shi ne mafi yawa, ya tsaya cak kamar jakin da ya ga rami, har na fara yi masa magana da baki. Can dab da tashin kasuwa ya ɗaga, ya sake ɗagawa, lambobin suka tsaya. Na lissafa sau uku. Ya haye iyakar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Bayan La'asar malam ya zo da shaidu biyu. Aka kira dillalin a waya, ya faɗi farashin da bakinsa kowa ya ji, malam ya rubuta. Ya tambayi kowannenmu ɗaya bayan ɗaya ko ya yarda, kowa ya ce ya yarda. Aka sa hannu, aka shafa Fatiha. Yaya ya tashi da hannun jari da mota, mu muka tashi da gida. A ranar na yi sujada a kan simintin tsakar gida, ban ko tsaya neman darduma ba.

Kuskurenmu, mu duka har da malam, shi ne mun ɗauka rubutawa ta kafe abin. Mun saba idan dillalai suka yi wa gida kuɗi aka rubuta, gida na nan, kuɗinsa na nan. Ba wanda ya kawo a ransa cewa ita kasuwa ba ta san mun yi zama ba. Kuma hannun jarin bai koma sunan Yaya a ranar ba. Sai an aika takardu Legas, kowane kamfani da masu riƙe masa rajista, wannan ya ce hoto bai fito ba, wancan ya ce a sake sa hannu. Aka shiga watanni. Kafin sunansa ya hau, ba shi da ikon sayar da ko ɗaya.

A cikin watannin nan ne kasuwa ta juya. Ba faɗuwar rana ɗaya ba, zamewa ce a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, mako ya bi mako ba kore. Ni da na ce zan goge manhajar bayan zama, na kasa. Ina kallo rabon Yaya yana narkewa, shi kuma hannunsa a ɗaure. Ya riga ya ba da kafin alƙalami a kan wani sabon inji, mai injin yana ta kira. Ranar da aka ce komai ya koma sunansa, abin da ya zube ya kai kuɗin ɗaki biyu na gidanmu. Gidan kuwa yana nan daram, ko fenti bai ɓare ba.

Na ɓoye wa Mama. Tana tambayar dabbobi ina cewa suna nan. Amma uwa ce, fuskata ta karanta. Wata rana ta tsare ni a kicin ta ce in gaya mata gaskiya, na gaya mata. Ta saka hijabi ta tafi gidan malam da ƙafarta. Malam ya ce mata rabo ya inganta, an yi shi da yardar kowa a kan farashin ranar, babu haƙƙin kowa a kanta. Ta dawo ta zauna a bakin gado ta ce a kira dillalan gida. Za a sayar, a haɗa komai, a sake rabo.

Na tashi kamar zan tashi sama. Na ce, "Mama, malam da kansa ya ce babu komai! Watanni nawa muka yi muna fargaba, yanzu da Allah ya ba ki, ki ce a sayar? Ki koma ina?"

Ta ce, "Malam ya faɗi na shari'a, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ba shi zai kwana a ɗakin nan ba. Ni ce zan kwanta in kalli rufi in san da rabon yaron nan aka rufa ni."

Abin ya ba ni mamaki, don Mama irin matan nan ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunan Yaya, ba ta zama hira da shi, ko yana yaro ba ta taɓa shiga faɗansa ba. Mu ne 'yan gaban goshinta. Ban taɓa zaton a kansa za ta bar gidan da ta fi so a duniya ba. Na yi magiya, na yi fushi, na kawo Auta ta yi kuka, duk a banza. Washegari na tarar ta sauke kwallayenta daga saman kabad ta fara naɗe su a tsofaffin zannuwa.

Na fita zaure na kira Yaya. Ban yi masa magana mai daɗi ba. Na ce to ga shi nan, Mama za ta sayar da gida saboda shi, sai hankalinsa ya kwanta. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na ji," ya kashe wayar. Wannan "na ji" ta ƙara tunzura ni, na kwana ina saƙa abin da zan gaya masa idan mun haɗu.

Bai zo ba sai bayan kwanaki, da hantsi, da baƙin tawada a hannunsa. Ya yi sallama, ya tsallake ƙullin kaya, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Mama ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Ni ina tsaye jikin gwaiba na harɗe hannu.

Ya ce, "Mama, an ce kin ce a haɗa a sake rabo."

Ta ce, "Haka na ce."

"To ai babu abin haɗawa. Na sayar da hannun jarin, duka. Kuɗin ma na biya inji da su, jiya aka kawo. Ba sabon ba, wani na hannu na samu, ƙarami. Zai yi aiki."

Na san farashin makon, ni da ke kwana da shi a waya. A ƙasan ƙasa ya sayar. Na ce, "Yaya, dillali bai ce ka jira ba?"

Ya ce, "Ya ce. Har roƙona ya yi."

"To don me?"

Bai kalle ni ba, Mama yake yi wa magana. Ya ce, "Ranar da aka yi zama, na karɓa a gaban malam da shaidu, ba wanda ya tilasta ni. Kuma Mama, tsakanina da Allah, da abin nan hawa ya yi ya ninka, ba zan dawo muku da ko sisi ba. Zan ce rabona ne, in sayi injina in yi shiru. To da ya sauka ma rabona ne. In kin sayar da gidan nan, ki nemi wanda za ki ba kuɗin, ni dai ba zan karɓa ba."

Wata shida ina mamakin kasuwar da ke ɗaga dukiya ta sauke ba tare da ta san mai ita ba, sai ga abin da ya fi ta ban mamaki durƙushe a gabana da tawada a hannu, mutumin da muka tashi ɗaki ɗaya ban san shi ba. Ya ga asara da idonsa, an ce masa ya jira za ta iya warkewa, ya sa hannu ya tabbatar da ita don kawai ya toshe wa uwarsa hanyar fita daga gidanta.

Can Mama ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ka ci abinci?"

Ya ce bai ci ba.

Ta ce da ni, "Ke, tsayuwar me kike yi? Kwance ƙullin can ki ciro mini babbar tukunya."

Bayan damina kasuwa ta farfaɗo. Ta hau a hankali, ta kai inda take ranar zamanmu, ta wuce. Na gani a wayata ina ofishin malamai, na lissafa abin da Yaya zai samu da ya jira, na kife wayar a kan tebur na kasa shiga aji. Na san shi ma ya gani, don dillalin ba ya ɓoye masa. Da yamma na biya gida na same shi a zaune a tsakar gida, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, yana ba Auta labarin yadda injin nasa ke cin takarda idan ya yi zafi. Na zauna ina jira ya kawo zancen, ko da wasa, ko da shaguɓe. Har aka kira Magariba bai kawo ba. Ya tashi ya ɗauki buta, ya leƙa ɗakin Mama ya ce rufin baya ya yi yoyo da damina, ranar Asabar zai turo kafinta.